Tsumman Sansana

Shekara arba'in ina bin tumaki a tuddan Otago,
rana tana rubutu a ƙeyata, ni ban karanta ba.
Elspeth ce ta gani, tana yi mini aski:
"Fergus, wannan tawadar Allah ta sauya kama."

Aka yanke ta a Dunedin.
Ashe ta riga ta tura 'ya'yanta hammata.

Likita Marama ta jawo kujera har gwiwarmu ta haɗu.
Ta ce, "Jikinka na da masu gadi, kuma ba barci suke ba.
Safe da yamma suna giftawa ta gaban ƙarin,
su gaishe shi, su wuce.
Ɗan gida ne. A cikinka aka haife shi."

Na ce ta tsaya nan, na gane.
Na taɓa yin kare, Bracken,
mai kashe mini 'yan tumaki da dare.
Sauran karnukan ko haushi ba su yi ba,
akushi ɗaya suke ci.

Aka sa gutsuren naman a ƙanƙara,
jirgi ya kai shi inda ban taɓa zuwa ba.
Mako takwas suna tone shi harafi-harafi,
suna neman inda ya saɓa da ni.
Abin da ya dawo kwalba ce,
ba ta kai babban yatsana ba,
da sunana a jiki, an manta harafi ɗaya.

"Ba ta kashe komai," in ji Marama.
"Nuni kawai take yi."
Wato tsumma ne,
irin wanda nake kanga wa kwikwiyo a hanci
in ce: sansana, riƙe, je ka nemo.

Daren farko zazzaɓi ya rufe ni,
kafaɗa ta kumbura, haƙora na kaɗawa.
Elspeth ta ɗauko waya, na riƙe hannunta.
Na ce, bari. Haushi nake ji.

Gwaji ne, ba alkawari ba,
na sa hannu a takarda mai faɗin haka.
Tevita, da muke jere a kujerun Talata,
wanda ke ba ni rabin lemonsa,
tun Yuni kujerarsa wani ke kai.

Hoto na gaba sai Satumba,
daidai lokacin haihuwar tumaki.
Na gyara shingen gabas duk da haka.
Na sayi sabon takalmin ruwa,
mai tsadar, wanda ke yin shekara biyar.