Nauyin Gaba

A ƙauyenmu, can bayan duwatsun Fotugal,
gona ba ta kwanciya, jingine take da tudu.
Ko itacen zaitun da ƙafa ɗaya yake tsaye,
ɗayar tana laluben ƙasa.

Babana Belmiro ya bar mini 'yar tarakta ja,
fentinta ya koɗe, kujerarta ta tsage,
ya bar mini bashin mai na wata biyu
da wani tari da take yi in sanyi ya sauko.

Ran farkon girbi na ɗaura mata akwaku a baya,
buhu tara na zaitun, baƙi wuluk, jiƙe da raɓa.
Na sa giya ta ɗaya, na fuskanci hawa.
Daidai kwanar rijiya sai hancinta ya ɗaga,
tayoyin gaba suka saki ƙasa
kamar akuya ta hango ganye a reshe.
Na murɗa sitiyari, ya juya a banza,
ba mai amsa shi sai iska.
Sama na gani inda ya kamata in ga hanya.
Ƙafata ta riga kaina hankali, ta danne kuloci,
muka dawo tim,
haƙori ya gamu da harshe.

Na zauna bisa dutse ina tofar da jini.
Shekara talatin tsohon nan yana hawan kwanar nan
da kayan da ya fi nawa.
Me ya sani da bai faɗa mini ba?

Sai muryarsa ta zo:
"Deolinda, hau gaba, riƙe ƙarfen fitila da kyau."
Ina 'yar shekara tara, na ɗauka gata ne,
ina ɗaga wa maƙwabta hannu, zafin inji yana gasa mini cinya.
Ashe ni ce nauyin.
Kilo talatin na yarinya mai tsagaggen takalmi.
Da na tafi makaranta a Bragança
ƙanena Abílio ya gaji wurin.

Ɗana Tomé shekararsa takwas.
Ya ce, "Mama, in hau?"
Na ce, "Jeka ɗauko jakar makarantarka."

Na kamfani akwai su a gari,
ƙarafa masu mariƙi, jere kamar akwatunan tafiya,
kuɗinsu ya cinye rabin girbi.
Amândio maƙeri ya zagaya tarakta sau biyu,
ya harbi tayar gaba da takalmi, ya ce,
"Da muguwar rawa gara ƙin tashi."
Ya yi mata walda, sandar ƙarfe a ƙasan hanci,
noti huɗu masu kaurin babban yatsa.
Tsohuwa Custódia, matar marigayi mai matsar mai,
ta ba ni duwatsun sikelin mijinta, guda shida,
kowane kilo ashirin, tsatsa ta ci lambarsu.
Lita biyu na man bana ta ce in kawo, ba gaggawa.

Na rataya duka shida, don tsoro ba ya ƙirga.
Sitiyari ya ƙage, kafaɗata ta yi tsami,
tayoyin gaba suka durƙusa suna nishi.
Amândio ya yi dariya har da tari:
"Abin da ya yi yawa a gaba, shi ma kaya ne."
Muka cire ɗaya. Na gwada. Muka cire wani.

Yau na sake fuskantar kwanar rijiya,
buhu tara, giya ta ɗaya, harshena bai gama warkewa ba.
Na murɗa hagu, ƙasa ta amsa.
Tayoyi huɗu, duka a ƙasa.
Kilo tamanin: ni da Abílio, har da canji.

Ban riƙe tsohon a zuci ba.
Abin da yake da shi ya ɗora.

Biyun da suka rage suna danne ragar girbi
kada iska ta kwashe ta da dare.
Tomé yana biye da ni a ƙasa, nesa da taya,
yana tsintar zaitun da ya zube
yana cika aljihu.