Safar Agusta

Ni Barmani, matar Jatau mai gyaran keke,
ba na jiran Disamba ta yi mini sallama.
Na san halin kasuwar Gani:
yadin da ke kwance yana hamma a Satumba,
ana saura kwana biyar Kirsimeti
sai ya miƙe zaune, ya ƙi kallon talaka.

Tun marka na soma.
Asusun laka a ƙarƙashin gadon ƙarfe,
yau hamsin, jibi ɗari,
ran da daddawa ta yi kwantai, ko sisi.
Kazar nan mai gurguwar ƙafa ta yi ƙwai tara,
na hana bakina shida.

Jatau ya ce, "Gero bai fid da kai ba, ke kina biki?"
Na ce, "Da sanyin safiya ake kama fara."

Lissafina na bangon ɗaki, da gawayi.
Dogara, takalmin roba,
na ƙara masa lamba ɗaya, ƙafarsa ba ta jin magana.
Rahila, ɗankwali mai ruwan zuma.
Baba Nomau, tocila da batir,
ko ya daina gaisawa da turmi da dare.
Shi mai gidan, hula.
Tana cikin tukunyar kuka, inda ba ya leƙawa.

Sai jikata Murna,
wadda ta sauka ana noman farko.
Ita ban sa kuɗi ba.
Na warware tsohuwar suwaitar gwanjo,
zare ja ya taru a cinyata kamar barkono a shanya.
Na gwada tafin ƙafarta da tsinken tsintsiya,
na karya daidai, na soke a gashina.
Dare goma sha ɗaya ina saƙa,
ruwa yana dukan kwano,
sauro yana karɓar nasa kason.
Na naɗe safar a leda, na ce na gama da bana.

Jajibiri ya zo.
An yanka zakara, shinkafa tana jiƙe,
matan zumunta suna gwajin murya a coci.
Na ɗauko Murna, na ɗauko safa.
Yatsu suka shiga.
Diddige ya tsaya a waje kamar baƙon da ba a sani ba.
Na ja, ta harba. Na lallaɓa, ta yi dariya
da haƙori ɗaya da ban san ya fito ba.

Na yi wa kasuwa wayo,
ashe yarinya ba ta tsaya jirana ba.
Ƙafar Dogara na tuna, na manta tata.

Jatau ya yi dariya har ya zauna a kan famfon iska.

Bayan danga kuwa, Zulai matar Malam Ɗanjuma
ta haihu ran Alhamis, namiji,
ɗan mitsitsi, ko suna ba a raɗa ba.
Ita ce mai aiko mana cinyar rago da layya.
Da safe na kai musu kwanon shinkafa,
ledar tana kan murfi.
Ƙafar ta shige har da sauran wuri.
Zulai ta ce, "Sai ka ce kin san yana tafe."
Ban ce mata komai game da tsinken ba.

Murna fa?
Kakanta ya samo ɗan gora,
ya zuba ƙwayar dawa bakwai,
ya toshe bakin da guntun robar taya.
Ta kaɗa shi tun daga addu'ar buɗewa,
Fasto Tambaya ya ɗaga murya, ta ɗaga tata,
ba wanda ya ji ƙarshen wa'azi.

Akwai ragowar zare a cikin kwalla.
Baɗi in Allah ya kai mu
zan karya tsinken da tsawo,
in bar wa watanni huɗu wurin zama.