Jininsu Ba Jini Ba Ne

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a kasuwar Tawa,
tun ina danne wa babana ƙafar rago,
don haka in na ce jinin fim ba jini ba ne
kada ɗan lakwal ya ja da ni.
Jini ba ya ƙyalli kamar ruwan zoɓo.
Kafin ka ɗauraye wuƙa ya yi duhu,
ya kama ƙasa, ya aika wa ƙuda goron gayyata.
To ina ƙudan?
Gawa bakwai a ɗaki guda,
ko ɗaya bai zo gaisuwa ba.

Asumane mai gyaran salula ke zuba mini su,
dala arba'in, ya cika waya.
Bayan lisha in jingina ta da butar shayi,
in zauna in ga ikon Allah.

Akwai ƙaton da ke rufe fuska yana bin 'yan mata.
Riƙon wuƙarsa riƙon muciya ne.
Ban taɓa ganin ya wasa ta ba.
Yaron shagona ne, da na kore shi tun hantsi.

Akwai masu sayen gida a bakin daji, da araha,
ba su tambayi dalilin arahar ba.
Bango ya ce musu ku fita,
su ce iska ce.
Matar ta ɗauki kyandir, ita kaɗai, tsakar dare,
tana cewa wane ne nan?
Baiwar Allah, so kike ya ce ni ne?
Kuma ba su da maƙwabta.
A unguwarmu ihu ɗaya ya isa,
Ta-Sallah za ta ɗirgo katanga da taɓarya
aljanin bai gama gyara murya ba.

Matattu masu tafiya ba su dame ni ba,
jakin Illo mai ruwa ya fi su sauri.
Na 'yan sanda na fi so,
ko da yake nakan gano mai kisan da wuri:
wanda ya cika fara'a,
irin mai karɓar bashin tsoka yana tambayar lafiyar iyali.

Akwai wani tsoho, hotonsa duk yashi,
wani mutum da kansa ya koma na kifi.
Ana ganin ɗinkin rigar a wuyansa.
Ba kyau, wallahi ba kyau.
Sau goma sha ɗaya muka kalle shi a fada,
mun haddace maganarsa, mu da ba mu jin yaren.

Ɗaya ne ya kama ni.
Ba wuƙa, ba kururuwa, ba ɗigon ja.
Wata mata ce mai 'ya'ya huɗu,
kullum dare ta zuba kwano huɗu,
da safe ta wanke biyar.
Shi ke nan fim ɗin.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ba ta gaya wa kowa ba.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya na bi tabarmi:
Hadiza, Mamman Sani, Lawali, 'yar auta.
Huɗu.
Na fita, na dawo, huɗu.
Zuwaira ta ce Tankari, lafiya?
Na ce sauro nake dubawa.
Kwanonin ban duba ba.

Da asuba na shiga garka da igiya.
Ragunan suka yi tsit, suka matse a lungu,
wani fari ya ɗago yana kallon ƙofa,
irin kallon matar nan mai kyandir.
Na tsaya.
Ashe su ma suna da fim ɗinsu,
kuma sun san mai shigowa.

Na yi bisimilla.
Wuƙata dai a washe take.