Canjin Rosenda

Shekara talatin ina jan keken tudu a Valparaíso,
akwatin katako mai hawa da sauka kan dogo.
Na san nauyin mutum tun bai sa ƙafa ba.
Amma kamfanin inshora ya fi ni iya awo:
ya ɗora Rosenda a sikeli, ya ce ta fi ni tsada
don tana da mahaifa.

Duk ƙarshen wata a yanka a albashinta na koyarwa,
yanka mai kauri, irin wanda mahauci ke wa kansa.
Ta haifi Maite, kuɗi ya hau.
Ta cika hamsin, kuɗi ya hau.
Ni keken da nake ja, in ya hau yakan sauko.

Da likita ya taɓa ƙullutu a nononta na hagu
muka kwashi takardu sai ofishinsu mai sanyi.
Wani yaro mai farar riga tas
ya buɗe shafi na sha bakwai,
ya sa yatsa ƙarƙashin rubutu mitsi-mitsi kamar ƙwan ƙwarƙwata:
wai ciwon ya riga yarjejeniya zuwa.
Rosenda ta ce, "Ɗana, jahilcin ɗalibaina ma ya riga ni shiga aji,
ban taɓa korar kowa a kansa ba."

Muka sayar da kwale-kwalen babanta,
muka bi da keken ɗinki.

Majalisa na nan gindin tudu,
ina hango ta daga tagar aikina.
Sun shekara nawa suna tauna magana a ciki.
Kotu ta tsawatar, doka ta biyo baya:
a daina auna mace da mudu dabam,
a mayar wa kowa abin da aka zaftare masa.
Aka yi ta tafi a talabijin.
Ran nan watan Rosenda bakwai a maƙabartar Playa Ancha,
inda iskar teku ke lashe fentin sunaye.

Yanzu wasiƙa na zuwa da sunanta.
Za su biya, in ji su, amma da kaɗan-kaɗan,
kada kamfani ya durƙushe.
Da suna karɓa ban ji kaɗan-kaɗan ba.
Abin da ke shigowa a wata
burodi biyu ne da kuɗin bas, zuwa ban da dawowa.
Maite ta buga lissafi a bayan ambulan:
sai na kai tamanin da ɗaya za su gama.

Ban raina dokar ba.
Jikata Amparo za ta biya daidai da ɗan maƙwabci,
wannan ba ƙaramin abu ba ne.
Shafi na sha bakwai kuwa, an ce sai zama na gaba.

Ranar biya nakan sayi burodin,
in hau bas zuwa Playa Ancha,
in zauna a gefenta in karanta mata wasiƙar.
Har yau da "z" suke rubuta sunanta.
Da tana nan, da ta zagaye shi da jan biro
ta ce a sake rubutowa sau goma.
In ci burodi ɗaya, ɗayan tsuntsayen teku su yi wawaso,
sannan in tako gida a ƙafa.