Gurbi Na Huɗu

Ƙarfe uku na dare a Luleå.
A waje dusar ƙanƙara ta binne motata har madubi,
a ciki fankoki dubu suna numfashi da murya ɗaya.
Na'urori bakwai ke riƙe da littafin wani banki,
kowace da kwafinta, kowace da bakinta,
ba a rubuta ko sisi sai sun kaɗa ƙuri'a.

Daren nan ta biyar ta saɓa.
Takardar rahoto na gabana da gurabenta huɗu:
wace irin faɗuwa ce?

Wadda ta mutu ita ce mai sauƙin sha'ani.
Ta yi shiru, shirun ya ɗore,
'yan'uwa su jira daƙiƙa goma, su raba kayanta, su wuce.
Gudrun Niemi, da ta koya mini aikin nan,
takan ce a wurin na'ura mutuwa mutunci ce.

Akwai guga mai huda:
an ɗebo saƙo, bai iso bakin rijiya ba.
Akwai mai kawo amsa daidai bayan kasuwa ta watse,
gaskiyar da ta makara kuwa, a ɗakin nan, ƙanwar ƙarya ce.
Kuma daga nesa wa zai rantse
ko shirun can na gawa ne ko na mai nawa?

Ta biyar ba ta yi ko ɗaya ba.
Ta ce wa ta biyu e, ta ce wa ta shida a'a,
duka da sa hannunta, duka a kan kari.
Ba ƙeta ba ce. Ɗigo ɗaya ne ya kife a ƙwaƙwalwarta.
Sauran suka baje abin da kowace ta ji,
suka rinjaye ta, littafi bai ɓaci ba.
Ƙa'idar ke nan: kana tsoron baki biyu a wurin ɗaya,
to tara shaidu huɗu.

Ran Lahadi na je Boden, gidan kula da tsofaffi.
Baba ya damƙe hannuna:
kada a sayar da gidan bakin kogi.
Ran Talata ya ce wa yayana Torvald
a sayar tun rufin bai rufta ba.
Idonsa garau, duka ranakun biyu.
Inna ta yi shiru mai ɗorewa, bana shekara shida.
Mu biyu muka rage, kowa da abin da kunnensa ya ji,
babu na uku, balle na huɗu.

Na cike gurbi na huɗu.
Na zaro ta biyar daga jere, da sauran ɗumi a jikinta,
na ɗora ta a kan keken gyara.

Saƙon Torvald na cikin wayata tun shekaranjiya.
Na karanta. Ban amsa ba.
Daga inda yake, ba shi da hanyar sanin
wace irin faɗuwa ce tawa.