A Zauren Mai Ɗori

Ran Asabar, bayan la'asar, aka kawo min su biyu,
ɗaya a amalanke, kan buhunan albasa,
ɗaya a bayan babur, hannu na lilo kamar igiyar guga.
Taron siyasa ne ya watse a tashar Aliero,
kowa ya bar takalmi, ya tsira da hula.

Na san su duka.
Nomau, mai rumbun albasa a hanyar Jega,
da Jaɓɓi, wanda shanunsa ke kwana gonar Nomau bayan girbi,
su bar taki, su ci harawa.
Shekara ashirin, ba takarda, ba shaida,
sai goro da gaisuwa.

Yau ga su a tabarma guda, kowa ya juya ƙeya.

Nomau ya ce, "Kada ka taɓa ni da hannun da ya taɓa shi,
irinsu ke kai wa 'yan daji labari."
Jaɓɓi ya ce, "Ka ji mai tsattsauran ra'ayi!
Su ke ƙona ruga, su dawo su yi alwala."
Na ce, "To. Wa zai riƙe min fitila?"

Ɗori na gada, ban gaji gardama ba.
Tun ina fere wa kakana Maidamma kara
yake cewa fata ke da tsaga, ƙashi ba shi da ita.
Na laluba ƙaurin Nomau, na laluba damtsen Jaɓɓi,
ban ji tuta ba, ban ji lambar akwati ba.
Da na ja, kowa ya kira wadda ta haife shi.
Wannan ya ce, "Inna!"
Wancan ma Inna ya kira.

Amma bari in faɗi gaskiya tun ba a tambaye ni ba:
ni ma na dangwala, kuma ba inda Jaɓɓi ya dangwala ba.
Hannuna ya yi masa nauyi fiye da yadda karaya ta nema.
Ya dube ni, ya gane, bai ce uffan ba.
Daren nan tuwo bai wuce min wuya ba.

A waje jama'a ta rabu, gindin dalbejiya da gindin tsamiya,
kowa ya duƙufa kan waya.
Hoto guda ne, jinin da ke bakin zaurena,
can an rubuta "aikin 'yan ta'adda",
nan ma "aikin 'yan ta'adda".
Da safe na tarar da gawayi a bangona: MUNAFUKI.
Arzika, autana, yana gogewa da tsumma, ya ce,
"Baba, mu na su wa ne?"
Na ce ya ɗauko man shanu, mu warware ɗauri.

Kwana arba'in ƙashi ke so, ba ya jin lallashi.
Da rana 'yan dubiya kan zo da kunu da sabon zagi,
kowa ya karɓi nasa, ya sha, ya ƙara tsuke fuska.
Sai dare ya raba, garin ya yi tsit,
in ji motsi ta bayan asabari:
mai ƙafa ya ɗauko buta,
mai hannu ya zuba masa ruwa.
Ba sa magana.
Ni ma ba na tari, kada su san na farka.