Mudun Sauti

A Rijiyar Ɗorowa, bayan mai facin taya,
nan ɗakina yake, taku bakwai da biyar.
Kwalayen ƙwai na bi bango na manna,
taga kuwa tsohuwar katifa ta toshe ta,
kada hon ɗin 'yan kabu-kabu ya sami hanya.

Cindo kafinta ya haɗa akwatunan nan biyu.
Sau uku ina mayar masa.
Ya ce, "Sahabi, akwati kake so ko ƙofar banki?"
Na ce katako in ya sirance shi ma waƙa yake,
ni kuwa ban ɗauke shi aikin amshi ba.
Ƙara kauri. Bi kowace kusurwa da gam.
Cusa auduga, har in na ƙwanƙwasa
in ji gindin kuka na buga, ba ƙwarya.

Babban faifai a ƙasa, nasa ne gurnani,
ƙarami a sama, faɗin kwabo, tasa ce tsiwa.
Tsakaninsu naɗin tagulla yana rabon gado:
wannan naka, wannan na ƙanenka,
kada kowa ya sa hannu a kason wani.
Ga ramin da iska ke numfashi,
na yi ta rage bututunsa da zarto,
rabin yatsa, rabin yatsa, dare uku,
kafin ganga ta daina kumburi a tsakiya.

Na kafa su kamar duwatsun murhu,
ɗaya dama, ɗaya hagu, kaina na uku,
kamu biyu nesa da bango,
don da sun jingina sai su fara ƙarya.

Lasifikar gidan biki ta iya fadanci,
ta hura wa ganga ciki, ta shafa wa murya mai.
Waɗannan mudu ne da gindinsa bai lotsa ba.
Ba sa ragi, ba sa gyara,
abin da ka zuba shi za ka kwasa,
ko da tsakuwa, ko da ƙaya.

Ran Talata Nomau ya zo daga Kware da gurminsa,
shekara arba'in yana zuga 'yan kokawa.
Muka kashe fanka, ga bazara ta kai maƙura,
janareta can bayan gida a ƙarshen doguwar waya.
Ya kaɗa, gumi na ɗiga a fatar gurmi.
Da ya dire na tashi daga kujerata,
na ce, "Baba, zauna nan, ka zama dutse na uku."

Ya ji tsirkiya ta biyu ta saki.
Ya ji numfashin da yake sata tsakanin kirari,
da zoben azurfa yana taɓa sanda,
da giɓinsa yana fito a bakin kowace kalma.
Ya daɗe bai motsa ba.
Can ya ce, "Wanga tsoho hwa, wa na?"
Ba wanda ya yi dariya.

Na ce ina da dabarar share fiton,
latsawa biyu, ba mai sani.
Ya girgiza kai, yana murɗa tsirkiya.
"Wagga za ni ɗaurewa, ita tay yi laihi.
Giɓin ko, a Illela aka ba ni shi,
ranar da nis sauka kiɗi nish shiga hili.
Bar min abina."

Muka sake, sau huɗu. Ya tafi bayan la'asar.

Da dare ina tsintar ragowar ɗauka,
sai ga wata murya tsakanin na biyu da na uku
tana cewa, "Baba, sake!"
da kaifi irin na wanda bai iya gaida manya ba.
Na so in ce ƙaramin faifai ne ya cika tsiwa.
To amma ni na auna shi, dare uku.
Na kashe wuta na zauna,
ni da akwatunan Cindo, da kunya.